Murfin Lagireto Da Ya Kusa Sa A Buɗe Inji: Nazarin Wata Corolla A Kaduna

Motar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Toyota Corolla 'yar Kwatano da ya saya da kuɗin sallama bayan ya ajiye aikin gwamnati. Da ita yake jigilar fasinja tsakanin Kawo da Zariya, sawu biyu a rana, wani lokaci uku idan Allah ya kawo kasuwa. Cefanen gida daga jikinta yake fita, haka kuɗin makarantar yara. Shi ya sa ranar da ya kira ni a waya cikin watan Afrilu ya ce wai sai an buɗe inji an canza tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, tun daga muryarsa na ji nauyin abin.

"Kawu, wa ya ce gasket ne?"

"Bakanikena. Ya ce ya yi iya yinsa, ruwa bai daina ɓacewa ba. Ya ce ba sauran inda ruwan zai bi sai cikin inji."

"Don Allah kar ka bari a kwance ko noti ɗaya. Gobe da sassafe ina nan tafe."

Na ɗan karanci aikin inji, kuma na daɗe ina ganin irin wannan ciwo a motocin garin nan. Na ga ya kamata in rubuta yadda lamarin ya gudana daki-daki.

Yadda ciwon ya faro

Tun ƙarshen Fabrairu, da hunturu ya ja jiki zafi ya fara shigowa, kawu ya lura ruwan lagireto yana raguwa. Kullum da safe sai ya fasa ledar fiya wata ɗaya ya zuba, wani lokaci ɗaya da rabi. Ƙarƙashin mota kuwa a bushe yake, ko ɗigo babu a inda take kwana. A kan babban titi allurar zafi tana zaune a wurinta. Amma da ya shigo gari ya faɗa gosulo, musamman da rana tsaka, sai ta fara hawa a hankali. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne ƙarar da yake ji bayan ya kashe mota a tasha: ɓul-ɓul-ɓul a cikin bonet, kamar tukunyar da aka sauke daga murhu tana ci gaba da tafasa. Ƙaramin tankin roba da ke gefen lagireto kuma kullum a cike yake taf, har yana amai ta bututunsa, alhali lagireton kansa da safe sai an leƙa ba a hango ruwa.

Kafin in sa baki an yi wa motar aiki uku. An wanke lagireto da garin sabulu. An cire tamostat, wato ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, aka ce wai na ƙasashen sanyi ne. Daga ƙarshe aka haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli sai ta tashi, ba ta tsayawa sai an kashe mota. Kowane aiki yakan kawo sauƙi na kwana biyu zuwa uku, sannan a koma gidan jiya. Da ma dai ana shirin ɗayan biyu: ko a sa lagireto mai layi biyu, wanda ake kira dobul sel, ko a buɗe kan inji.

Ba na zargin bakaniken da mugunta. Abin da ya gani a wurin ogansa shi yake yi, kuma ciwon gasket yana zuwa da alamu masu kama da waɗannan. Sai dai ba wanda ya taɓa ɗaukar murfin lagireton ya juya shi ya duba, duk da kullum ana buɗe shi ana rufewa.

Binciken da muka yi

Na kai kawu wurin wani dattijo a Kurmin Mashi, cikin mutanen da suka koyi aiki a zamanin da Fijo ke tashe, lokacin da kamfanin da ke Kakuri, wanda ya fara haɗa mota a 1975, yake fitar da 504. Tsofaffin hannu irinsa suna da ɗabi'ar gwaji kafin kwance-kwance.

Mun isa inji da sanyi. Baba ya zaro sandar auna bakin mai, ya murza man tsakanin yatsunsa: baƙi ne, bai koma kalar shayi mai madara ba. Ya duba ƙarƙashin murfin zuba mai, babu farin kumfa. Ya cika lagireto, ya sa aka tada mota murfi a buɗe, ya tsaya yana kallon bakin lagireton na ɗan lokaci. Da gasket ya ƙone ta wurin da wuta ke ci, da an ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ba ta taso ba. Salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi. Sai ya rufe murfin ya ce a bar ta ta yi zafi.

Bayan kamar minti ashirin ya naɗe hannu da tsumma ya matse babban tiyo na sama. Tiyon ya lotsa a hannunsa kamar ba komai a ciki.

"Alhaji, zo ka taɓa nan."

Kawu ya taɓa ya ce, "Da zafi."

"Da zafi, amma ba ƙarfi. Injin da ya yi zafi haka, tiyonsa ya kamata ya yi tauri kamar tayar keke da aka ba iska. Motarka ba ta riƙe furesha."

Wani yaron gareji ya kai hannu zai murɗe murfin, Baba ya daka masa tsawa ya buge hannun. Muka jira har injin ya huce. Da aka cire murfin ya miƙo mini shi, na juya cikinsa. Robar ƙasa, wadda ke zama a kan bakin lagireto ta ciki, ta bushe ta tsattsage kamar diddigen ƙafa a hunturu. Ta sama kuma gefe guda ya cinye gaba ɗaya. Sifirin ɗin ya yi ja da tsatsa, na danna shi da babban yatsa ya tafi ba gardama. A saman murfin, da ƙyar ake karanta lambar da aka buga: 1.1.

Baba yana da ɗan famfon gwaji mai agogo. Ya ɗaura murfin a kai ya ba shi iska, allura ba ta ko kai 0.3 ba ta faɗo. Ya ɗaura famfon a bakin lagireto ya hura har 1.1, allura ta tsaya cak na tsawon mintuna. Wato inji da lagireto da tiyoyi duk suna riƙewa. Murfin ne kaɗai ke saki.

Abin da lambar nan take nufi

A nan ne na ɗauki lokaci ina yi wa kawu bayani, domin na ga alamar bai yarda ɗan abin da bai cika tafin hannu ba zai iya jawo wannan wahala.

Kowa ya san ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, amma wannan a gaɓar teku ne, kamar Legas. Kaduna tana sama da teku da kimanin mita 600, iska ba ta danna ruwa da nauyi kamar can, don haka a nan ruwa yana tafasa tun wajen digiri 98. Injin mota kuwa an ƙera shi ya yi aiki tsakanin digiri 80 da ɗoriya zuwa kusan 100. Ka ga ke nan tazarar da ke tsakanin zafin aiki da tafasa ƙarama ce ƙwarai. A watan Afrilu, zafin gari yana neman digiri 40, mota cike da fasinja, ga gosulo, wannan 'yar tazara ba ta da wuyar cinyewa.

Aikin murfi shi ne faɗaɗa ta. Ruwan da aka kulle a wuri aka danne shi ba ya tafasa da wuri. Matan da ke dafa ganda ko ƙafar sa a tukunyar matsi sun san wannan: ruwan ciki yana wuce digiri 100 bai ƙone ba, shi ya sa naman yake nuna da sauri. Lambar 1.1 tana nufin matsi, wato furesha, na bar 1.1, wasu murafen a rubuta 108 kPa, kusan nauyin kilo ɗaya da ɗan kai a kan kowane murabba'in santimita. Da wannan matsi tsurar ruwa ba zai tafasa ba sai ya haura digiri 120. Murfi mai 0.9 yana kai shi wajen 118. Murfin kawu da ya mutu kuwa ya bar shi kusa da 98.

Kuma allurar da direba ke kallo zafin wuri ɗaya take nunawa. Can cikin kan inji, kewayen bawul ɗin da hayaƙi ke fita, ƙarfe ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Idan babu matsi, a nan ruwa yake fara tafasa, tururi ya taru ya raba ruwa da ƙarfe. Tururi ba ya kwasar zafi kamar ruwa, don haka wurin sai ya ƙara ƙuna, ya ƙara haifar da tururi. Famfon ruwa shi ma idan ya haɗu da kumfa sai ya riƙa juyawa ba ya tura abin kirki. Da aka kashe mota kuma famfo ya tsaya, zafin da ke jikin ƙarfe ya afka wa ruwan da ke tsaye, shi ne ɓul-ɓul ɗin da kawu ke ji a tasha. A irin wannan hali ne gasket yake ƙonewa da gaske, ko kan inji na alminiyam ya lanƙwashe. Da an ƙara wata guda a haka, maganar bakaniken da ta zama gaskiya.

Saura batun inda ruwan yake zuwa. Murfin lagireto ƙofa biyu gare shi. Ruwa idan ya yi zafi yana kumbura, daga sanyi zuwa tafasa yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100. A motar da ke cin wajen lita 6, wannan ya kai kimanin rabin ledar fiya wata. Idan matsi ya kai lambar murfi, sifirin yakan ɗaga ya bar rarar ta bi siririn tiyo zuwa tankin roba. Da inji ya huce ruwa ya tsuke, sai wani ɗan ƙaramin bawul da ke tsakiyar murfin ya buɗe, lagireto ya zuƙo ruwansa ya mayar. Amma zuƙowar nan ba ta yiwuwa sai robar sama tana da lafiya. Ta kawu ta cinye, don haka maimakon ruwa sai iska lagireton yake zuƙa ta gefen murfi, kamar mai shan lemo da tsinken da ya huje. Ruwa yana fita ba ya dawowa. Tankin roba ya cika ya zubar a kan titi ana cikin tafiya, shi ya sa ba a ganin ɗigo a gida.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wato duk fiya watan da nake zubawa, hanyar Zariya nake ba ruwa."

Ruwan da ke ciki

Da muka kwance tiyon ƙasa, abin da ya zubo ja ne jawur kamar ruwan kogin Kaduna a tsakiyar damina. Shekara biyu motar ba ta ga kulan ba, wato ruwan musamman da ake zubawa a lagireto, ruwan bohol da fiya wata kawai take sha. Kawu yana cikin masu cewa kulan maganin daskarewa ne, mu kuwa ina muka ga ƙanƙara.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, yana hana ruwa daskarewa, kuma mu ba ma buƙatar wannan. Yana kuma ɗaga zafin tafasa, amma ba kamar yadda mutane ke zato ba. Haɗin rabi da rabi, ba tare da matsi ba, yana tafasa wajen digiri 107. Abin da ya ƙara bai wuce digiri 7 ko 8 ba, murfi kuwa ya fi 20. Idan aka haɗa biyun ana kaiwa kusan 128. Saboda haka wanda ya zuba kulan mafi tsada ya bar mataccen murfi bai yi maganin ciwon ba. Sannan tsurar ruwa ya fi gilaikol iya kwasar zafi, shi ya sa zuba kulan mai kauri zalla ba a sirka ba yana ƙara wa inji zafi ne.

A ganina babban dalilin da ya sa mu a Kaduna bai kamata mu raina kulan ba shi ne magungunan hana tsatsa da ke cikinsa. A cikin hanyar ruwan nan akwai alminiyam, akwai ƙarfe, akwai roba, duk suna jiƙe cikin ruwan zafi kullum. Tsurar ruwa yana cin su. Ruwan bohol kuma yana barin farin ɓawo irin wanda ake gani a cikin butar mai shayi, ya liƙe a siraran bututun lagireto ya hana zafi fita. Tsatsar da ta cinye sifirin ɗin murfin kawu daga wannan ruwan ta zo. Ruwan ya kashe murfi, mutuwar murfin ta sa ake ƙara sabon ruwa kullum, kowane sabon ruwa kuma yana shigo da sabuwar iska da sabon ɓawo.

Gyaran

Muka je kasuwar kayan gyara. Mai shago ya fito da murfi iri uku, ya nuna mana mai 1.3 ya ce shi ya fi ƙarfi, shi masu tafiyar nesa ke saye. Kawu har ya miƙa hannu. Na ce, "Kawu, bari wannan." Ƙarin da zai ba ka a zafin tafasa bai wuce digiri 3 ba, amma duk abin da ke cikin layin ruwa sai ya ɗauki ƙarin nauyin: tankin lagireto na roba da aka maƙale da alminiyam, tiyoyi, silin da ke hana famfon ruwa yoyo, da ɗan lagireton hita da ke ɓoye a bayan dashbod, wanda cire shi aikin yini guda ne. Murfi shi ne aka tsara ya fara sakewa kafin wani abu ya fashe. Idan aka ƙara masa ƙarfi, wani wurin ne zai sake a madadinsa, kuma a tsohuwar mota wuraren suna da yawa. Mai ƙasa da lambar mota kuma zai riƙa zubar da ruwa da wuri. Muka ɗauki mai 1.1, muka gwada zurfinsa da na tsohon, domin murafen motocin Japan suna kama da juna a ido amma ba duka ke zama daidai a baki ɗaya ba. Baba ya ɗora shi a famfonsa kafin a sa, saboda jabu ya yi yawa. Ya buɗe kusa da lambarsa.

An ɗauraye layin ruwa sau huɗu har ya fito garau. An mayar da tamostat sabo, mai lamba 82 a jikinsa, ɗan ƙaramin bawul ɗinsa na fitar da iska yana kallon sama. Cire shi da aka yi bai taimaka ba ko kaɗan: da safe inji yana daɗewa bai kai zafin aiki ba, yana shan mai fiye da kima, kuma a irin wannan inji tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, idan babu shi wani ruwan sai ya riƙa kewaye lagireto bai shiga ba. An mayar da fanka kan tsarinta, ta tashi idan zafi ya kai, ta huta idan ya sauka. An zuba kulan wanda aka riga aka sirka rabi da rabi, a rufe da hatiminsa. Na Toyota na asali mai ruwan hoda haka yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa. Wanda ya sayi mai kauri kuwa, da tataccen ruwa irin na ƙarawa a batir ake sirkawa, ba asid ba. Kala dai ba hujja ba ce, akwai ruwan da rini kawai aka zuba masa.

Wani abu da na roƙi yaran garejin: kar su zubar da ragowar kulan a kwata. Yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda, ga awaki da kaji suna yawo, ga yara ƙanana a unguwa.

Kafin mu tafi Baba ya matsa tiyon sama kusa da kilif ɗinsa, inda ya kumbura ya yi laushi, ya ce, "Alhaji, wannan ba zai kai damina ba. Da can yana hutawa ne saboda babu furesha. Yanzu zai fara aiki." Kuɗin hannun kawu sun ƙare a ranar, ya ce sai mako mai zuwa.

Kwana huɗu tsakani ya kira ni daga wajen Mararrabar Jos, ransa a ɓace. Tiyon ya tsage, tururi ya turnuƙe bonet, fasinja sun sauka suna neman wata mota. "Murfin nan naku ne ya jawo," in ji shi. "Da tsohon ba ta taɓa fasa mini tiyo ba."

Na fahimci fushinsa, kuma ta wani gefen bai yi ƙarya ba, sabon murfin ne ya fito da raunin. Amma raunin yana nan tun da, laifina shi ne ban dage aka canza tiyon a ranar ba, ko da ni zan biya. Abin da na fi tambayarsa shi ne ko ya kashe mota nan take, ya ce da ganin tururi ya gangara gefe ya kashe, kuma bai taɓa murfin ba. Na gode wa Allah a kan wannan, domin ruwan da ke digiri 110 a ƙarƙashin matsi, da zarar an buɗe masa, nan take yake zama tururi ya feso a fuska da hannu. Na sayi tiyon sama da na ƙasa da sababbin kilif da galan na kulan, na ɗauki ɗaya daga yaran Baba muka same shi a can.

Halin da take ciki yanzu

Na sa kawu ya yi alama da maka a jikin tankin roba, daidai inda ruwa yake da asuba kafin a tada mota. Idan ya dawo daga Zariya ruwan yana sama da alamar da kamar yatsa biyu, da gari ya waye ya koma kanta. Wannan hawa da sauka shi ne shaidar ƙofofin murfin biyu suna aiki. Daga ƙarshen Afrilu har ruwan sama ya zauna bai ƙara ko kofi ɗaya ba, ɓul-ɓul ɗin ya ɗauke, kuma ya ce man da yake sha a sawu ya ɗan ragu tun da aka mayar da tamostat. Ba a buɗe injin ba, lagireton ma na da ne.

Abu guda ya rage. Lokacin ɗauraye layin ruwa Baba ya haska tocila a ƙarƙashin famfon ruwa, ya nuna mini busasshen tabo a bakin ɗan ramin da ke tsiyaya idan sili ya fara gajiya. Shekara biyu na ruwan bohol sun taɓa shi. Bai fara ɗiga ba tukuna, amma mun sayi sabo yana ajiye a but, kuma mun yi da kawu ranar Juma'ar da zai canza bakin mai za a sa shi gaba ɗaya.